FASHIN BAƘI: Abin da finafinan kasada a teku da koguna ke nunawa, da abin da suke yankewa

A ranar 7 ga Disamba, 2010, mutum uku suna tuƙa ƙananan kwale-kwale a Kogin Lukuga, wanda ke fitowa daga Tafkin Tanganyika ya ratsa gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Biyu Amurkawa ne, Ben Stookesberry da Chris Korbulic. Na ukun, wanda ke tsakiyarsu kuma shi ne jagoran tafiyar, ɗan Afirka ta Kudu ne mai shekara 35, Hendri Coetzee, mutumin da a 2004 ya ja ayarin da ya bi Kogin Nilu tun daga Tafkin Victoria har Bahar Rum. Da gangan suka jeru daf da juna, domin dabbar ruwa ta gan su kamar abu guda mai girma ta ji shakka. Dabarar ba ta ci ba. Wani ƙaton kada ya taso ta baya, ya cafki Coetzee, ya kifar da kwale-kwalensa, ya nutse da shi. Har yau ba a ga gawarsa ba.

Kafin shekara ta zagayo labarin ya zama fim mai suna Kadoma, laƙabin da ake kiran marigayin da shi. Fim ɗin ya zaga bukukuwan finafinai a Amurka da Turai, ya samu lambobin yabo. Mutanen ƙauyen da Amurkawan biyu suka fake bayan harin sun shaida musu cewa kadojin Lukuga sun daɗe suna ɗauke mutane a bakin ruwa. Sunan ko ɗaya daga cikin waɗancan mamatan bai kai jaridun duniya ba.

Mai yawan leƙa YouTube ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da gutsuren irin waɗannan finafinai ba: mutum tsaye a kan allo yana gangarowa daga igiyar ruwa mai tsayin bene, ko wani a cikin ɗan kwale-kwalen roba yana faɗowa daga kan dutse tare da ruwa. Yawancinmu mukan kalla, mu ce "Turawa da ganganci," mu wuce. Alhali waɗannan 'yan daƙiƙoƙi sana'a ce da ta haura shekara 60, tana da masu zuba mata kuɗi, tana kuma da salon ba da labari wanda Afirka ta daɗe tana zama filinsa.

Allo da kwale-kwale

Wasanni biyu ne suka fi cika waɗannan finafinai. Na farko hawan igiyar ruwa: mutum ya kwanta a kan dogon allo, ya tura shi da hannuwa zuwa inda igiyar teku ke tasowa, ya miƙe tsaye a lokacin da ta ɗauke shi, ya bi gefenta har ta karye. Mutanen tsibiran Hawai ne suka fi shahara da shi.

Na biyu tuƙin kayak. Asalin kayak kwale-kwalen farauta ne na mutanen Inuwit mazauna yankunan ƙanƙara, waɗanda ke ɗinka shi da fatar dabbobin teku. Na yau da roba mai tauri ake yin sa, wanda ake shiga ruwa mai ƙarfi da shi bai kai mita uku ba. Matuƙi yana zaune ƙafafunsa a ciki, an rufe bakin da wata riga don kada ruwa ya shiga, filafilinsa kuma baki biyu gare shi. Idan ya kife, gwani kan juyo da shi da ƙugu da filafili ba tare da ya fita ba. Masu wannan wasa sun kasa wuraren da kogi ke tafasa tsakanin duwatsu zuwa mataki shida. Na ɗaya ruwa ne mai ɗan motsi, na shida kuwa wanda ake ganin shigarsa sayar da rai ne. Finafinan a mataki na biyar da na shida suke cin abincinsu.

Daga Kaliforniya zuwa Labadi

Fim ɗin da ya kafa tsarin da ake bi har yau shi ne The Endless Summer, na wani ɗan Kaliforniya mai suna Bruce Brown. A ƙarshen 1963 ya ɗauki samari biyu, Mike Hynson da Robert August, da allunansu, suka riƙa bin lokacin zafi daga wannan nahiya zuwa waccan: Senegal, Ghana, Najeriya, Afirka ta Kudu, Ostireliya, New Zealand, Tahiti da Hawai. Dala 50,000 aka kashe. Da fari Brown da kansa yake yawo da fim ɗin ɗakunan taro, yana riƙe da makirufo yana ba da labari yayin da hoton ke tafiya. Manyan masu rarraba finafinai suka ce ba mai sayen tikiti da zarar an bar gaɓar teku. Sai ya kama gidan silima a Wichita ta Jihar Kansas, can tsakiyar Amurka inda babu teku ko kusa, cikin tsananin sanyi, gidan ya yi mako biyu yana cika. Bayan an sake shi ko'ina a 1966, ana ƙiyasta cewa ya tara fiye da dala miliyan 20.

Ƙashin bayan fim ɗin wani wuri ne a Afirka ta Kudu da ake kira Cape St. Francis. An nuna samarin suna taka tudun rairayi mai nisa cikin rana, a galabaice, sai kwatsam ga igiyar ruwa mai kyan da ba su taɓa gani ba, ba kowa a kanta. Brown ya ce haka take kwana 300 a shekara. Marubuta tarihin wasan sun tabbatar daga baya cewa tattakin rairayin shirya shi aka yi don kyamara, kuma igiyar jefi-jefi take tashi da wannan kyau. Waɗanda suka sayar da kayansu suka tafi neman ta sun sha zaman jira. Haka nan fim ɗin ya ratsa Afirka ta Kudu a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, lokacin da aka hana baƙar fata taka yawancin gaɓar teku mai kyau, bai ce uffan a kai ba.

Abin da ya faru a Ghana ya fi wannan jan hankali. A gaɓar Labadi da ke Accra, muryar Brown tana gabatar da samarinsa a matsayin waɗanda suka kawo wa mutanen wurin abin da ba su taɓa gani ba, tana kuma sakin barkwanci irin wanda yau ba gidan talabijin da zai yarda ya watsa. Amma a cikin hoton da shi kansa ya ɗauka ana ganin yaran ƙabilar Ga suna hawa igiya da katakansu, masunta kuma suna sarrafa dogon kwale-kwale a kan igiyar cikin ƙwarewa. Masanin tarihi Kevin Dawson na Jami'ar Kaliforniya da ke Merced ya bi diddigin wannan a littafinsa Undercurrents of Power na 2018. Ya nuna cewa tun cikin shekarun 1640 wani Bajamushe mai suna Michael Hemmersam ya rubuta yadda ya ga yara a kan alluna cikin teku a gaɓar da ake kira Ghana a yau, kuma a 1834 wani hafsan Birtaniya, James Alexander, ya ga samarin Accra suna jiran igiya da alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu. Rubutun Hemmersam ya girmi bayanan Turawa na farko kan hawan igiya a Hawai da fiye da shekara 100. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Daga wannan fim aka gaji abin da ya zama jarin sana'ar gaba ɗaya, wato kalmar "na farko." Igiyar da ba a taɓa hawa ba, kogin da ba a taɓa bi ba. A wasu wuraren iƙirarin gaskiya ne, domin akwai ruwan da ba mai hankalin da zai saka kwale-kwalen katako a cikinsa. A wasu wuraren kuwa ma'anarsa kawai ita ce ba a taɓa bi da kyamara ba.

Wa ke biyan kuɗin?

Tafiya zuwa kogi mai nisa tana cin kuɗi: tikitin jirgi, takardun izini, 'yan dako, masu tafinta, inshora, wani lokaci har da hayar jirgi mai saukar ungulu. Kuɗin kallo kaɗai ba sa mayar da wannan. Masu ɗaukar nauyi su ne kamfanonin tufafi da kayan tafiye-tafiye, da masu ƙera kyamara, da masu sayar da abin sha. Tafiyar da Coetzee ya rasu a cikinta kamfanin tufafi na Eddie Bauer ne ya ɗauki nauyinta. Kamfanin Red Bull na ƙasar Austriya ya kai ga buɗe sashen shirya finafinai na kansa a 2007. Ita ma kyamarar GoPro, 'yar ƙaramar da ake ɗaurawa a hular kwano ko a bakin allo, wani mai hawan igiya ne, Nick Woodman, ya kafa kamfaninta a 2002 saboda yana son hoton kansa a kan ruwa. Daga nan fim ɗin yakan shiga bukukuwa irin na Banff a Kanada, wanda aka fara a 1976, sannan ya wuce intanet.

Ke nan yawancin waɗannan finafinai talla ne a cikin rigar labarin gaskiya. Ɗan wasan da kamfani ya ɗauka, darajarsa tana rataye da yawan fitowar tambarin kamfanin a hotuna, hoton da ya fi yawo kuma shi ne wanda ya fi hatsari. A 2009 Tyler Bradt ya faɗo daga magangarar ruwa ta Palouse a Jihar Washington, tsayin kusan mita 57, a cikin kayak. Duk mai son a yi maganarsa bayan nan ya san ma'aunin da aka ajiye masa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Rashin adalci ne a ce kuɗi kaɗai ke tura su. Coetzee ya yi shekaru yana shiga irin wannan ruwa ba kyamara ba mai biya, ciki har da ratsa sashen Murchison na Kogin Nilu shi kaɗai a 2007, wurin da ke cike da dorinai da kadoji. Akwai kuma fim ɗin Chasing Niagara, wanda Red Bull ɗin ne ya ɗauki nauyinsa, inda ɗan ƙasar Meziko Rafa Ortiz ya shafe kimanin shekara uku yana shirin faɗowa daga magangarar Niagara. A wajen atisaye wani abokinsa ya nutse har sai da aka yi ta danna masa ƙirji kafin numfashinsa ya dawo. A ƙarshe Ortiz ya fasa, fim ɗin kuma ya nuna fasawar. Abin da kuɗi ke yi shi ne zaɓen labarin da za a ba da, da fuskar da za ta cika hoton.

Nazaré: abin da ke gefen hoto

Garin da ya fi nuna yadda fim ke sauya wuri shi ne Nazaré, wani garin masunta a gaɓar Portugal. A ƙarƙashin tekun da ke gabansa akwai kwazazzabo mai tsawon kimanin kilomita 230, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 5,000, bakinsa kuma ya zo daf da gaɓa. Igiyar da ta biyo cikin kwazazzabon tana gudu da ƙarfinta saboda zurfi, wadda ta biyo ta gefe kuwa tana rage gudu saboda ƙasa ta matso. Inda suka haɗu sai ruwan ya tashi sama kamar tsauni. Shekara da shekaru wannan teku zawarawa yake samar wa garin, har baƙaƙen tufafin matan masunta suka zama alamar Nazaré.

Hukumomin garin ne suka gayyato Ba'amurke Garrett McNamara. A watan Nuwamba na 2011 ya hau igiyar da aka auna ta a kusan mita 24, hoton ya zaga duniya, garin da a da yakan mutu da sanyi ya koma cika da baƙi a lokacin sanyin. A ranar 29 ga Oktoba, 2020, Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau wadda kundin Guinness ya amince da ita a mita 26.21. Tashar HBO ta gina jerin shirinta na 100 Foot Wave, wanda ya fara fita a 2021, a kan neman igiya mai ƙafa 100, wato kimanin mita 30.

Yana da kyau mai kallo ya san cewa ba wanda ke zuwa da igiyar awo. Daga hotuna ake lissafin tsayin, ta hanyar kwatanta shi da tsawon jikin mai hawan, shi ya sa ake yawan jayayya. Kuma mafi yawan hotunan daga saman dutsen da ke bakin tekun ake ɗaukar su da kyamara mai jawo nesa kusa, wadda ke sa igiyar ta yi kamar bango a tsaye.

Abin da gajeren bidiyo ke yankewa shi ne rundunar da ke tsare da ran mutum ɗaya. Irin wannan igiya ta fi ƙarfin a kamo ta da hannu, don haka babur ɗin ruwa ne ke jan mai allon ya saka shi a kanta. Wani babur ɗin na jira don ɗauko shi idan ya faɗi. A saman dutse akwai mai riƙe da rediyon oba-oba yana faɗa wa direbobin inda kan mutumin ya ɓullo. Shi kansa yana sanye da rigar da ke kumbura da iska idan ya ja zare, ta fito da shi sama. A bakin gaɓa akwai masu agajin gaggawa. Duk da haka, a watan Oktoba na 2013 'yar Brazil Maya Gabeira ta karye a ƙafa ta suma a cikin ruwan, abokin aikinta Carlos Burle ne ya jawo ta gaɓa aka farfaɗo da ita. Ta koma, ta hau igiya mai mita 22.4 a 2020. Ɗan ƙasarsu Márcio Freire bai samu wannan sa'a ba: ya rasu a wurin ranar 5 ga Janairu, 2023, yana da shekara 47.

A nan dole mai karatu a Najeriya ya yi wani tunani. Mutumin da muke kira mai ganganci ba ya taɓa ruwa sai da rigar kariya daga nutsewa da masu ceto a kusa. Fasinjojin jirgin da ya kife kusa da Warra a Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da 'yan bikin da suka haura 100 da suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yuni na 2023, ba kasada suka fita nema ba. Hanyarsu ce ta kasuwa da gida.

Inga

Idan Nazaré ce ƙololuwar teku, Inga ce ta koguna. A ƙasa da Kinshasa, Kogin Kwango, wanda ke zubar da kimanin ma'aunin mita kubik 41,000 na ruwa a kowace daƙiƙa, yana gangara mita 96 cikin tazarar kilomita 15. Ba wani wuri a duniya da ruwa mai yawan haka ke tafasa tsakanin duwatsu. Akwai wuraren da yake juyawa kamar mazurari, ya haɗiye abin da ya faɗa ciki.

A ranar 6 ga Agusta, 1985, fitaccen mai gabatar da shirin talabijin na Faransa, Philippe de Dieuleveult, ya ɓace a wannan yanki tare da abokan tafiyarsa shida a cikin jiragen roba biyu. Hukumomi sun ce nutsewa suka yi. Wasu 'yan jarida da wasu daga cikin danginsa sun yi zargin cewa sojojin Mobutu masu gadin madatsar Inga na da hannu, kuma har yau maganar ba ta mutu ba.

Shekara 26 bayan haka, a watan Oktoba na 2011, ɗan Afirka ta Kudu Steve Fisher da Tyler Bradt da Rush Sturges da ɗan Kanada Ben Marr suka ratsa Inga da kayak suka fito da rai. Sun yi atisaye a Kogin Nilu a Uganda, sun yi shekaru ana neman izinin gwamnati, jirgi mai saukar ungulu kuma yana bin su ta sama yana duba hanya. Fim ɗinsu, Congo: The Grand Inga Project, ya fito a 2012. A nan iƙirarin "na farko" ba shi da ja, kuma fim ne da ke riƙe mai kallo har ƙarshe. Sai dai ruwan da suke wasa da rai a cikinsa shi ne ke juya injinan madatsun Inga na ɗaya da na biyu, waɗanda aka buɗe a 1972 da 1982, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke samun wutar lantarki. Ga ɗan Kwango wannan ne babban labarin Inga, a fim ɗin kuwa shimfiɗa ce kawai.

Madatsun ruwa sun kuma ba finafinan wani amfani da masu shirya su ba su yi niyya ba. Gangaren Bujagali na Uganda, inda 'yan kayak na duniya suka yi ta koyon sana'a, ya nutse sakamakon madatsar wurin da aka kammala a 2012, madatsar Isimba da aka buɗe a 2019 kuma ta haɗiye wasu. A watan Yuli na 2025 China ta ƙaddamar da ginin katafariyar tashar lantarki a Kogin Yarlung Tsangpo na Tibet, yankin da ɗan kayak Doug Gordon ya rasu a 1998, wanda kuma ayarin Scott Lindgren ya ɗauki fim a cikinsa a 2002. Mai son ganin yadda Bujagali yake a da, sai dai ya nemi tsofaffin bidiyon 'yan kayak. Duwatsun Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, suna ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968, tare da tsohon garin da aka tashi mutanensa.

Ranar da masu kogin suka kalli fim ɗinsu

Kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, yana da nasa tarihin a wannan fage, ya ma riga The Endless Summer. Tsakanin 1946 da 1947 wasu injiniyoyin Faransa uku, Jean Rouch da Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi shi tun daga mafarinsa a tsaunukan Gini har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar kimanin kilomita 4,200 da ta ɗauke su wata tara. Suna tura wa jaridun Paris labarai don samun guzuri. Rouch na ɗauke da tsohuwar kyamara da ya saya a kasuwar gwanjo. Ƙafafun da ake ɗora ta a kai sun salwanta a hanya, dole ya koma riƙe ta a hannu, abin da daga baya ya zama salonsa, ya kuma yi tasiri a kan masu shirya finafinai na Faransa.

A yankin Ayorou, arewa da Yamai, ya ɗauki farautar dorina ta masuntan Sorko, 'yan'uwan Sarkawan da muka sani a Yawuri da Argungu. Da ya koma Paris ya sayar wa kamfanin labaran silima na Actualités Françaises hotunan. Abin da suka yi da su darasi ne ga duk mai son sanin ƙarfin ɗakin tace hoto. Sun rage shi zuwa 'yan mintoci, suka ɗora masa kiɗa, suka sa mai sharhin wasanni ya ba da labarin cikin zuzutawa, suka raɗa masa suna Au pays des mages noirs, wato a ƙasar baƙaƙen bokaye. Bikin hawan iska mai kama da bori, wanda masuntan ke yi kafin farauta don neman yardar mai kogin, sai aka ɗauke shi aka kai ƙarshe don a rufe da abin mamaki. Hotunan duk na gaskiya ne, jerin da aka yi musu ne ƙarya. Rouch ya yi ta nadamar wannan fim har tsufansa.

A 1951 ya koma wurin masuntan ya sake ɗaukar farautar da kansa, ya fitar da Bataille sur le grand fleuve, wato gumurzu a babban kogi. A wannan karon ba a ƙawata ƙarshen ba: tsohon namijin dorinar da suka yi ta bi ya farfasa musu babban jirgi, ya tsere da masu a jikinsa, maharban suka dawo hannu rabbana. Sannan a 1954 ya yi abin da masu irin wannan sana'a ba su cika yi ba har yau. Ya ɗauki injin wuta da na'urar haska fim ya kai Ayorou, ya nuna wa mutanen da ke cikin hoton.

Sun nemi a maimaita musu. Da suka gama gane kansu da 'yan'uwansu da suka rasu, sai suka fara gyara masa. Babban ƙorafinsu kiɗan da ya ɗora a kan farautar ne, wani take na maharba da ya zaɓa don ya ƙara wa wurin armashi. Suka ce masa dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya ta tsere, shi ya sa shiru ake yi idan ana binta. Rouch ya cire kiɗan.

Wannan zama ya haifi wasu finafinan. Wani maharbin zaki da ke cikin 'yan kallo ya gayyace shi ya zo ya ga tasu farautar da kwari da baka, aka yi fim a kanta wanda ya fito a 1965. Damouré Zika, ɗan masuntan Sorko da ke taimaka masa, ya ba da shawarar su shirya labari da kansu. Daga nan aka samu Jaguar, labarin samari uku da suka bar Nijar suka tafi cin rani Kumasi da Accra, wanda su da bakinsu suka ɗora masa magana suna kallon hoton.

Duk da haka Rouch bai tsira daga suka ba. A 1965 mai shirya finafinai na Senegal, Ousmane Sembène, ya faɗa masa ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Wasu masana na Afirka na nan a kan wannan ra'ayi, wasu kuma na nuni da 'yan Nijar irin su Oumarou Ganda da Moustapha Alassane waɗanda suka yi aiki tare da shi kafin su zama masu shirya finafinai na kansu.

Rouch ya ci gaba da zuwa Nijar har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu, 2004, yana da shekara 86. Damouré Zika na cikin motar, ya tsira. A Yamai aka binne shi.